Akushin da Ke Dawowa a Rufe

Ni 'yar Kurfi ce, aure ya kawo ni Dutsin-Ma, zauren jama'a kuma ya cinye mini ɗan ƙarfin da ya rage. Ba ƙorafi nake yi ba, yadda abin yake nake faɗa. Mutanen gari ne suka gina shi da aikin gayya a gefen kasuwa, a shekarun nan da rediyo ba ta da zance sai na mulkin kai. Soro ne guda mai faɗi, da rumfa a gabansa, da randuna a bakin ƙofa. Da aka gama sai aka waiwaya ana neman wanda zai riƙe mabuɗi, ido ya faɗa kan Malam, mijina, don katangarmu ɗaya da zauren, kuma don kowa ya san bakinsa bai iya cewa a'a ba. Shi aka miƙa wa mabuɗi a gaban jama'a. Ni kuwa tsintsiya da tukunya suka same ni a gida, ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Lokacin na riga na aurar da ɗiyata ta fari, ba mai sa ido a kan fitata, sai aka huda wata 'yar ƙofa a katanga ina shiga ina fita ta nan. Da hantsi mai lamba, wato mai rigakafin agana, zai zo ya jera yara yana tsaga musu hannu, su cika wurin da kuka. Da la'asar ajin manya ne, magidanta da furfurarsu suna bin allo da baki ɗaya, a nan ni ma na tsinci ɗan bokon da nake rubutu da shi yanzu, daga bayan ƙofa. In an yi magariba a kunna akwatin rediyo, a zauna a yi ta gardama a kan abin da ba wanda ya ji sosai.

Amma babban aikin zauren shi ne saukar wanda ba shi da gidan sauka. Bayaraben tela in matarsa ta haihu, ba shi da zauren da zai tara jama'ar suna, sai namu. Buzaye in sun kawo gishiri da dabino, nan suke zube kaya. Maguzawa masu kawo dawa daga ƙauyuka, waɗanda kowa zai sayi hatsinsu amma ba kowa zai shimfiɗa musu tabarma ba, nan suke kwana. Matan Fulani masu tallar nono sun mai da rumfar wurin ajiye ƙwarya da shan iska. Dattawa sun yanke shawara cewa gidajen unguwa za su riƙa aiko da akushi bi da bi don baƙi. An yi kuwa, na ɗan lokaci. Daga nan mantuwa ta yi wa mutane yawa, kuma duk ranar da aka manta, rumbunmu ne ke tunawa.

Na ga baƙi iri-iri, mafi yawansu na manta kamanninsu. Wanda ya ƙi fita raina wani tsoho ne Bafulatani.

Cikin bazara suka zo, da rana tsaka, zafi kamar a bakin murhu. Tsohon yana kan jaki, wani saurayi dogo yana ja. An naɗe ƙafarsa ta hagu da ganye da tsumma, tun kafin su ƙaraso rumfa wari ya riga su. Kututture ne ya soke shi a ƙwauri wajen shayar da shanu, ya raina abin, har ya zama gyambo. Rugarsu tana can gaba da Karofi, ba tafiyar da mai ciwo zai riƙa yi kullum ba ce. Malamin asibiti ya duba ya ce sai an riƙa wankewa ana yi masa allura kowace safiya har sai shi ya ce ya isa. Ya ƙara da jan kunne, ya ce allurar nan mai ƙarfi ce, kuma jikin da ba ya samun abinci ba shi da naman da zai rufe rami irin wannan. In tsohon bai ci ba, gara ma kada a wahalar da shi. Malam ya ba su kusurwar gabas ta zauren, na shimfiɗa tabarma, na kawo buta.

Da yamma na zuba tuwon dawa da miyar kuka, har da ɗan man shanu, na kai musu. Saurayin ya taso ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da durƙusawa. Da safe na je ɗaukar kwano, na tarar da akushin a rufe yadda na kai shi, tuwon ya yi sanyi ya daskare, ko yatsa ba a sa ba. Na tambaya, suka ce alhamdu lillahi, a ƙoshe suke. Na ce to, gajiyar hanya ce.

Washegari haka. Wanshekare haka. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙurin a raina mini girki ba. Na ce wa Malam, ka ga mutanen nan, miyata ce ba ta kai ba, halan sai an dafa musu da nono. Na sauya, na yi dambu, ya dawo. Na dama kunun tsamiya, ya dawo ya yi fata a sama. Na sayi fura na dama da hannuna, ita ma ta dawo ta yi tsami. Kowane lokaci da godiya, da addu'a, da murmushi, har ka rasa inda za ka kama ka yi faɗa. Tsohon kuwa kullum ƙara shigewa cikin rigarsa yake yi, in saurayin ya ɗauke shi zuwa asibiti kamar ya ɗauki damin kara.

Wata mai tallar nono ce ta warware mini, wata dattijuwa da ta san rugarsu. Ta same ni ina juye wa awaki tuwo ina ta mita, na ce mata wane irin ɗa ne wannan da zai zauna yana kallon ubansa yana bushewa. Ta dube ni ta ce ai ba ɗansa ba ne, mijin ɗiyarsa ne. 'Ya'yan tsohon duk sun yi kudu da shanu neman ciyawa, surukin kaɗai ya rage a gida.

Na ajiye akushin na zauna. Mu ma Hausawa mun san kunyar suruki, ba baƙon abu ba ne, amma tamu tana da ƙofar baya, in wuya ta yi wuya a kau da kai a ci. Tasu ba ta da ko taga. Tsohon ba zai sa loma a baki surukinsa na gani ba. Saurayin ba zai tauna komai a gaban uban matarsa ba. Kuma ba zai tashi ya bar shi ba, don barin suruki marar lafiya cikin baƙin mutane wani abin kunyar ne da ya fi na farko. Haka suka zauna, kowa yana girmama kowa, yunwa tana cin su su biyu. Abin da ke riƙe da tsohon kawai 'yar kurɓar nono ce da matan ke ajiye masa a bayan tabarma, yana sha da asuba in saurayin ya zaga alwala.

Na ce to ai abin da sauƙi, sai a raba su. Na shiga ƙirƙiro wa saurayin aike. Ɗebo mini ruwa a rijiyar can ta nesa, ta kusa tana da gishiri. Je ka yo mini itace. Kai wa Malam saƙo a bakin kasuwa. Yana tafiya kuwa, ba musu, amma da gudu yake dawowa kamar an ce zauren zai kama da wuta. Kuma ko ya yi nisa, tsohon ba ya taɓa akushin, don zauren ba ya rabo da idanu. In ba 'yan aji ba, masu sauraron rediyo. In ba su ba, Buzu yana gyaran tufafi, ko Bamaguje yana ɗaure buhu. Wurin da aka gina don kowa ya samu shiga, ga shi ya zama wurin da mutum ɗaya ba zai samu kaɗaici na loma uku ba.

Malam ya sa aka kawo zana aka kewaye kusurwar. Ban ga amfaninta ba. Tsohon ya ce wa mai nonon nan, ita ta faɗa mini, wai duk wanda ya ga an shiga da kwano bayan zana ya san abin da ake yi a ciki, har ƙarar marfi ana ji. Na ce to a mai da shi zauren gidanmu. Ya ƙi, ya ce ba zai kwanta da ƙafa mai wari a ƙofar da iyalin mutum ke wucewa ba. Wata rana haƙurina ya ƙare, na shiga bayan zanar na durƙusa, na ce Baffa, don girman Allah, ko kunun nan ne ka sha, in ka mutu a zauren nan me zan ce wa ɗiyarka?

"Ɗiyata, abincinki ba shi da laifi," in ji shi. "Wuyana ne ba ya buɗewa in ana kallo."

Na fito ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, na rasa wanne ya fi yawa. Malamin asibiti kuma kullum sai ya tsare Malam a hanya ya ce ramin ƙara faɗi yake yi, allura kawai ake zubarwa.

Ana cikin haka wani Babarbare mai fataucin kanwa ya sauka da jakunansa. Duk shekara yana zuwa, ya zaga kasuwannin ƙasar nan ya koma gabas. Ƙaton mutum ne, fuska duk zane, murya kamar ana buga ganga, in ya yi dariya sai 'yan aji su ɓata karatu. Ni dai ba na murna da zuwansa, don cinsa na mutum uku ne. Yana zube kaya ya ga zana, ya tambayi wa aka ɓoye. Malam ya ja shi gefe ya yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa. Bai ko bari ya gama ba, ya taka ya yaye zanar ya jefar.

"Wa ya ajiye mini bawana a nan yana ɓata wa mutane tuwo?"

Na ce yau za a yi abin kunya a zauren nan. Na manta cewa Barebari da Fulani taubasai ne, tsakaninsu ba kunya ba fushi, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa tun kakanni. Baƙon namu ya dubi saurayin ya ce tashi ka shayar mini da jakuna, ai ku ba abin da kuka iya sai bin wutsiya, kada kuma in ga ƙeyarka sai na kira. Saurayin ya fita yana rufe baki. Babarbaren ya zauna daram a kan tabarmar tsohon, ya jawo akushin ya buɗe, ya wanke hannu ya fara kai loma. Yana ci yana zuba. Wai ya zaga duniya bai taɓa ganin mutumin da tuwo ya kayar ba sai yau. Wai zai ba da labari a kowace kasuwa daga nan har gida, cewa ya ga Bafulatani kwance yana tsoron malmala. Wai dama an ce ba su da hanji, iska suke sha.

Sai muka ji wata murya da ba mu taɓa ji da ƙarfi ba. Tsohon ne ya yunƙura ya jingina da bango, ya ce shi bai saba cin abinci da wanda kaji suka yi wa tono a fuska ba, amma tunda bawa ya riga ubangidansa sa hannu, bari ya ƙwaci rabonsa kafin a sace. Ya miƙa hannu ya yanki tuwo. A gaban Buzaye, a gaban 'yan aji da suka fara taruwa, a gabana, ya ci. Suna ci suna zagin juna har akushin ya koma fes. Daga baya na gane cewa a wurinsa wannan ba cin abinci ba ne a gaban mutane, wasa ne da taubashi, wasa kuwa ba a jin kunyarsa. Na ɗauki akushin na shiga gida, na zauna a gindin murhu na yi kuka, ni da ba na kuka ko a gidan mutuwa.

Kasuwa na tashi Babarbaren ya ɗaure kaya ya nufi Kurfi, kamar yadda ya saba. Mu duka mun ɗauka an riga an fasa abin, tunda an ci sau ɗaya za a ci gaba. Ina. Da yamma na kai tuwo, da safe na ɗauko shi a rufe.

Malam ya hura wa kekensa iska ya kama hanyar Kurfi cikin wannan rana. Ya same shi a kasuwa ya baza kanwa, ya roƙe shi. Ya ce mini mutumin ya yi ta faɗa, wai shi fatake ne ba mai jinya ba, wai a kan wani busasshen Bafulatani za a kashe masa ciniki, yana faɗan yana ɗaure buhunansa. Washegari da hantsi sai ga jakuna a bakin rumfa.

Babarbaren ya zauna tare da mu. Safe da yamma shi ke buɗe akushi, shi ke korar saurayin, shi ke fara tsokana. Mutanen unguwa da suka ga ya bar yawon kasuwanni saboda baƙon da bai haɗa komai da shi ba, sai kunya ta kama su, akushin da aka manta da aikowa ya dawo, har ana rige-rige. Kanwarsa kuwa kowane gida aka saya, da masu bukata da marasa bukata. Ni kaina na shekara da shekaru ina jiƙa wadda Malam ya jibge mini a ɗaki. Matar Bayaraben tela ta riƙa aiko da farfesu mai yaji, Babarbaren ya sha romon yana hawaye, ya tura wa tsohon naman ya ce karnuka ma sun ƙi.

Saurayin kuma na samo masa wuri a bayan rumbuna, inda ba mai ganinsa. Zai juya wa ƙofa baya ya yi loma kaɗan, ya rufe ya tashi. In na ce ƙara mana, ai ba kowa, sai ya ce Inna, katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Na gaji da yi masa magana na ƙyale shi.

Ƙafa ta fara kyau. Warin ya tafi, bakin ramin ya fara jawowa, naman ya yi ja. Tsohon har yana dogara sanda ya fito rumfa, ya zauna yana yi wa matan nono faɗa a kan sun cika ruwa. Malamin asibiti ya ce in aka ci gaba haka, saura kaɗan ya sallame shi, amma kada a kuskura a tsaya a nan, don irin wannan ciwon in aka bar shi da ɗan ido yakan dawo ya fi da.

Sai gabas ta fara haɗa hadari. Duk wanda ya san kanwa ya san ba ta shiri da ruwa, in ya taɓa buhu sai dai ka ɗauki tsumma. Ga rafuka a hanyarsa waɗanda in sun kawo jaki ba ya ƙetarewa, ga iyali da gona suna jiransa a wata ƙasa. Kullum da safe zai fito ya daɗe yana duban sama, ya ce gobe. Goben ta yi ya sake cewa gobe. Da aka yi yayyafin farko, ƙasa ta yi ƙamshi, ya ce wa Malam shi kam iyakarsa ke nan, in ya ƙara kwana shekararsa ta lalace. Ba wanda ya ga laifinsa. Ya yi wa tsohon sallama da zagi, ya ce baɗi in ya dawo yana so ya tarar da shi ya yi ƙiba don ya samu na sayarwa. Tsohon ya ce ya tafi can, Allah ya raka taki gona. A bakin rumfa Babarbaren ya riƙe hannun Malam ya ce ku yi dabara, kada ku bari ya koma gidan jiya.

Dabara kuwa mun neme ta. Malam ya bi gari yana tambayar ko akwai wani Babarbare, ko mai wankin hula ne, ko mai sayar da turare. Babu. Na aika wa 'yan'uwana a Kurfi, suka ce nasu ya tashi tun bara. Aka ce akwai wata tsohuwa Babarbariya a Ɗantutture da aure ya kawo ta, Malam ya sake hawa keke, ya tarar ta makance, ko ƙofar ɗaki ba ta fita. Ya dawo ƙafafunsa sun kumbura. A kwanakin nan duka akushi yana zuwa yana dawowa a rufe, kuma abin da aka tara a jikin tsohon muna kallo yana zubewa.

Malam mutum ne da tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce wa ko akuya tir ba. Ran nan bayan la'asar, 'yan aji sun fara zama, na hango shi ta 'yar ƙofa ya ɗauki akushin da kansa. Ya aiki saurayin rijiya. Ya je ya zauna a kan tabarmar tsohon, yadda ya ga Babarbaren yana yi, ya buɗe marfi. Ya ɗaga murya, muryar da ba tasa ba.

"Kai bawana, tashi ka ci, kada tuwo ya kayar da kai."

Kalmomin dai irin na Babarbaren ne, amma Malam Bakatsine ne, ba wasa tsakaninsa da Fulani, kuma a haife tsohon ya haife shi. A bakin wancan wasa ne, a bakinsa kuwa sai ya fito a zagi tsirara, a gaban mutane, ga mai masauki yana faɗa wa baƙon da ke cin arzikinsa. Shi kansa Malam kafin ya rufe baki ya gane. Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya jawo marfin a hankali ya rufe akushin.

"Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri."

Malam ya shigo gida ya zauna a kan turmi, har aka kira magariba bai motsa ba. Ni kuwa ban san wanda zan fi tausaya wa ba a cikinsu. Daga baya ya koma wurin tsohon ya ba da haƙuri, ya yi bayanin abin da ya nufa. Tsohon ya ce ai ba komai, ya sani, shi ma ya ga alherin da aka yi masa, Allah ne kaɗai zai biya. Ya kuma ce ruwa ya sauka, 'ya'yansa suna hanyar dawowa da shanu, ya kamata a same shi a gida.

Da safe saurayin ya ɗaura wa jaki akumari. Malam ya roƙa, liman ya zo ya roƙa, malamin asibiti ya taso da kansa ya ce saura ƙiris, a yi haƙuri a ƙarasa. Tsohon ya bi kowa da godiya da addu'a, irin godiyar nan da ba ta barin wurin ƙarin magana. Na ƙulla musu fura da ƙuli-ƙuli a tsumma, na san dai a hanya ma ba mai ci. Na tsaya a rumfa har suka sha kwana. Ban samu ko zaman jimami ba, don ranar akwai masu lamba, ga wasu Maguzawa sun iso jiƙe sharkaf suna neman wurin shanya kaya. Na naɗe tabarmar kusurwar gabas na share wurin na ba su.

Damina ta kankama. Duk mai nonon da ta fito daga wajen Karofi sai na tare ta na tambayi jikin Baffa. Amsa ɗaya ce, da sauƙi. Su mutane ne da ko ana haƙa kabari za su ce maka da sauƙi, na sani, amma na riƙa karɓa haka nan don ba ni da ƙarfin jin wani abu daban. Malam kuwa ya daina tambaya da baki, sai dai in na dawo daga rumfa ya dube ni.

Wata ranar kasuwa, gero ya fara fitar da kai, ina raba wa baƙi abinci a rumfa da azahar, wuri cike da mutane, sai na ga dogon saurayin nan tsaye da sandarsa a kafaɗa, shi kaɗai, ba jaki. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce ya mai jiki, ya ce alhamdu lillahi. Na zuba tuwo a akushi na ce ya zaga bayan rumbu, wurinsa yana nan. Bai tashi ba. Ya karɓa ya zauna nan cikin jama'a, tsakanin wani Buzu da masu awon hatsi, ya buɗe, ya wanke hannu. Ya ci, ya ci, bai ɗaga kai ba, har ya suɗe gefen akushin da yatsa. Ina tsaye da mara a hannu, na riga na gane.

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa jawur.

"Inna, yanzu ba wanda zan ji kunyarsa."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam yana bakin ƙofa da mabuɗi a hannu, ya ji, ya juya ya shige gida. Ni kuma na karɓi akushin na je na ƙaro masa.